Baƙon Sama: Saukar Ƙaramin Jirgi a Filin Ƙauye

1.0 Gabatarwa

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama uku na mayaƙan Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar, a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. A lokacin babu filin jirgi a Kano, saboda haka a filin wasan dawaki suka sauka. Yau filin Kano yana da hasumiya da fitilu da ma'aikata masu yi wa matuƙi jagora har ya taɓa ƙasa, amma irin waccan sauka ta farko ba ta ƙare ba. Har yanzu akwai ƙananan filaye a karkara, na asibitoci da manyan gonaki, inda matuƙi kan je baƙunci da jirgi mai inji ɗaya ba tare da kowa ya yi masa jagora ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da ake ɗauka ladabi ne kawai na baƙo, a irin wannan wuri shi ne kariyar ransa, kuma fita daga filin ta fi shigarsa wuya.

2.0 Sallama da Shiga

Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari. Tun kafin matuƙi ya bar gida, bayan ya ba hukuma tsarin tafiyarsa, tilas ne ya nemi iznin mai filin. Iznin ba shi kaɗai ake nema ba, labari ake nema: ko an yi ruwa jiya, ko ciyawa ta yi tsawo, ko gara ta tayar da suri a tsakiyar titi, ko masu babura sun mai da wurin hanyar kasuwa. Taswira ba ta faɗin waɗannan, balle hoton tauraron ɗan Adam da aka ɗauka bara.

Idan ya iso, ganin Dala ba shiga birni ba ne. Yakan yi magana ta oba-oba, ya ambaci sunan filin da lambar jirginsa da inda yake da abin da ya yi niyya, ko da babu mai amsawa. Wannan ita ce sallamarsa. Sai dai shiru a sama ba izni ba ne, ba kuma shaida ba ce cewa babu kowa, domin akwai jiragen da ba su da rediyo. A Ingila al'ada ita ce baƙo ya fara ratsa saman filin yana ƙafa 2,000 daga ƙasa, ya duba, sa'an nan ya sauko kamar ƙafa 1,000 ya shiga zagayen sauka, wanda galibi ta hagu ake yinsa saboda kujerar matuƙi a hagu take. A ƙauyen da dabbobi ke kiwo a titi, yakan ƙara da ratsawa ƙasa-ƙasa sau ɗaya don ya ga fuskar ƙasar da idonsa.

Abin da ya fi nema shi ne iska, domin jirgi yana sauka ne yana fuskantarta. Inda aka rataya jakar nan mai kama da hannun riga a kan sanda, ita za ta nuna masa. Inda babu, sai ya karanta hayaƙin murhu da ƙurar garke da kwanciyar ciyawa. Lambobin da ake rubutawa a bakin titi kuwa alƙiblar kamfas ce aka cire mata sifili, watau 06 yana nufin digiri 60, 24 kuma digiri 240. Babban titin Kano waɗannan lambobi yake ɗauke da su, kuma sun dace da iskar ƙasar Hausa, wadda ke busowa daga arewa maso gabas da hunturu, ta juyo daga kudu maso yamma da damina.

Hazon hunturu yana da wata yaudara ta musamman. Matuƙi kan leƙa ƙasa ya ga titi sarai a ƙarƙashinsa, amma da ya juyo ya miƙe don sauka sai titin ya ɓace, saboda yanzu ta karkace yake ratsa ƙurar da ido, musamman in rana tana gabansa da la'asar. Filin ƙauye ba shi da fitila, don haka magariba ita ce lokacin rufe ƙofa.

3.0 Fita

A nan ne lissafi ke shigowa. A ɗauki Cessna 172, mai kujeru huɗu, wanda aka fara ƙerawa a 1956. Littafin samfurin 172S ya nuna cewa da cikakken kaya, a kan kwalta, daidai da bakin teku, a zafin digiri 15, yana bukatar kimanin mita 500 kafin ya tashi ya haye abu mai tsayin ƙafa 50, alal misali kuka ko giginya a ƙarshen fili. Sauka kuwa mita 400 da 'yan kai take ci. Amma ƙasar Hausa ba bakin teku ba ce, kuma bazara ba ta san digiri 15 ba. Zafi da tudu suna sa iska ta yi sakayau, inji ya rage ƙarfi, farfela da fukafukai su rasa abin kamawa. Fili mai tudun ƙafa 1,500, kamar na kewayen Kano, a zafin digiri 40 jirgi yana jinsa tamkar ƙafa 5,000, watau ya zarce tudun Jos.

Hukumar sufurin sama ta Birtaniya ta ba ƙananan matuƙa ma'auni mai sauƙi: tazarar tashi tana ƙaruwa da kashi 10 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000 ta tudu, da wani kashi 10 a kowane ƙarin digiri 10 na zafi, da kashi 20 a kan busasshiyar ciyawa, ko 30 in jiƙaƙƙiya ce. Kuma ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Da wannan ma'auni, mita 500 ɗin nan za ta koma kimanin 860 a filin ciyawa da tsakar ranar Afrilu, kuma in an ƙara ratar kariya da hukumar ta shawarta, ta haura 1,100. Sauka kuwa, da duk ƙarinta, ba za ta wuce 800 da kaɗan ba. Ke nan fili mai mita 900 zai karɓi baƙo hannu biyu da hantsi, ya hana shi tafiya da azahar.

Mafita a sarari take: a rage kaya, ko a jira sanyin asuba. Wuyarta ita ce kunya. Masu masauki sun haɗa tsaraba, ga buhun albasa, ga ɗan dagaci da ake roƙon a rage masa hanya, ga jama'a sun taru suna kallo. Ƙarin kashi 10 na nauyi yana ƙara kashi 20 na tazarar tashi, saboda haka matuƙin kirki dole ya iya ƙin kyauta ba tare da ya ɓata zumunci ba, kuma wannan darasi ba a aji ake koyonsa ba. Yakan kuma taka titin da ƙafa, ya zaɓi wata alama a tsakiya, ya ƙudurta cewa in ya kai nan jirgi bai yi gudun da ya kamata ba, zai janye maƙura ya tsaya.

Mai ma abin lura ne. Man ƙananan jirage irin wannan, mai launin shuɗi, ba a samunsa a ƙauye, don haka da na komawa ake zuwa. Bayan kwana a waje, akan tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki a duba ko ruwa ya taru. Kafin a tayar da inji kuwa, sai an sami babban mutum ɗan garin da yara ke jin maganarsa ya tsaya ya kore su nesa, domin farfela in tana juyawa kusan ba a ganinta. Haka kuma matuƙi kan juya wutsiyar jirgin daga barin gidaje da shanyar hatsi kafin ya ba shi wuta.