Babi na Tara: Wa Ke Mulki, Wa Ke Shari'a a Mubi?

Sau da yawa mutum yana da gaskiya, amma haƙƙinsa ya salwanta don bai san inda zai kai kukansa ba. Wannan babi zai nuna mana yadda aka raba aikin hukuma, da hanyar da ƙara take bi tun daga unguwa har Abuja.

Yadda Mubi ta shigo Najeriya

Jamusawa ne suka fara yi wa Mubi mulkin mallaka, suka haɗa ta da Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, Ingila ta karɓi yankin. A watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, jama'a suka zaɓi Najeriya. Aka kira yankin Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwatarsa. Tun daga 1991 muna cikin Jihar Adamawa, wadda babban birninta Yola ne.

Gwamnati hawa uku ce

Tsarin Mulki na 1999 ya raba gwamnati hawa uku: ta tarayya, ta jiha da ƙaramar hukuma. Dukansu muna ganin aikinsu a cikin gari. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Mubi ta tarayya ce, haka ma soja, 'yan sanda da kwastan na kan iyaka. Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi ta jiha ce. Kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta da kwashe shara kuwa aikin ƙaramar hukuma ne.

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Guda 21 suna Adamawa, ciki har da Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Kowace tana da ciyaman, kowace mazaɓa kuma tana da kansila. Idan kwata ta toshe a kasuwa, kansila za a fara nema.

An kuma raba iko gida uku, kamar duwatsun murhu. Majalisa ke yin doka, gwamna da kwamishinoninsa su zartar da ita, kotu kuma ta yi hukunci da ita. Majalisar Dokokin Adamawa tana da kujeru 25. An yi wannan rabo ne don kada mutum ɗaya ya yi doka, ya kama ka da ita, ya kuma yanke maka hukunci.

Ƙaramar ƙasa ma haka take yi

Kudu da Najeriya, a cikin teku, akwai wata ƙasa ta tsibirai mai suna Sawo Tome da Firinsipe. Ta sami 'yanci daga Fotugal a 1975. Jama'arta ba su kai rabin miliyan ba. Duk da haka tana da shugaban ƙasa da ake zaɓa, da firaminista mai gudanar da gwamnati, da majalisa mai kujeru 55, da Kotun Ƙoli. Ƙanƙantar ƙasa ba ta hana ta raba iko ba, domin zalunci ba ya duba yawan jama'a.

Hanyar da ƙara take bi

Rigimar maƙwabta ko ta iyakar gona takan fara ne a gaban jauro ko mai unguwa, ta wuce wurin hakimi, har fadar Sarkin Mubi. Aikinsu sulhu ne, ba su ɗaure mutum.

Idan sulhu ya gagara, sai kotu. Kotun yanki, wadda muke kira kotun alƙali, tana sauraron shari'ar aure, saki, gado da bashi. Kotun majistare tana duba ƙananan laifuffuka. Manyan laifuffuka, irin su kisan kai da fashi da makami, na Babbar Kotun Jiha ne.

Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara. Idan maganar aure ce ko gado tsakanin Musulmi, za ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Yola. Sama da ita akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda ke da reshe a Yola. Ta ƙarshe ita ce Kotun Ƙoli a Abuja. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, saboda haka kada a yi jinkiri.

Abin da doka ta ba ka

Idan 'yan sanda suka kama ka, dole su gaya maka dalili. Inda akwai kotu kusa, kamar a Mubi, dole su kai ka gabanta cikin kwana ɗaya. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Idan ana tuhumarka da laifi cikin harshen da ba ka ji, ko kai Bagude ne, ko Bafali, ko Bafulatani, kotu za ta ba ka tafinta ba tare da ka biya ba. Duk kuɗin da ka biya a kotu, karɓi rasit. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Karatun da kake koyo yanzu shi zai sa ka karanta ta da kanka.

Tambayoyi

1. A wace shekara jama'ar Mubi suka zaɓi shiga Najeriya?
2. Kawo ayyuka uku na ƙaramar hukuma.
3. Wace kotu ce ke sauraron shari'ar gado?
4. Rubuta sunan mazaɓarka da sunan kansilanka.