Darasi: Yaushe ya fi kyau a je kallon tsuntsaye a tabkin Tabalak?

Tabkin Tabalak yana cikin jihar Tawa, a kan hanyar Agadas. Tun shekarar 2005 yana cikin jerin tabkunan da ƙasashen duniya suka yarda a kiyaye.

Da damina laka tana hana kusantar ruwa, ga sauro mai kawo zazzaɓi. Da bazara ruwa yakan janye, zafi ya tsananta.

Lokacin da ya fi kyau shi ne na ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A sa'an nan agwagin ruwa sukan gudo wa sanyin Turai, su ƙetare Sahara, su sauka tare da kirinjijiya da zalɓe. Ku je da sassafe, ku zauna shiru, kada ku yi jifa.

Hattara! Kada yara su shiga ruwan, saboda tsargiya. Kada ku taɓa mataccen tsuntsu, ku sanar da ma'aikacin lafiyar dabbobi. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magariya a 2006.

Tambaya: don me tsuntsayen Turai suke zuwa mana da ɗari?