Wa Ya Tafi? Darasi Kan Manaja, Lafiyar Ma'aikaci da Barin Aiki

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen kasuwanci da gudanarwa, jarrabawa ta ƙarato. Akwai tambayar da da wuya a yi shekara ba ta fito ba: yi bayanin yadda salon shugabancin manaja ke shafar ma'aikata. Yawancinmu mukan haddace salo uku, mu juye su a takarda, mu fito. Ni ma haka na yi a aji ɗaya, kuma na ci. Amma ban gane abin da na rubuta ba sai da na je SIWES a wani kamfanin ruwan leda.

Kamfanin na da 'yan aikin safe da 'yan aikin dare, kowane rukuni da ogansa. Albashinsu ɗaya, injinsu ɗaya. Ogan safe, in inji ya tsaya, sai ya juya ga mai kula da shi ya ce, "Malam, me ka gani?" In matar wani ta haihu, da kansa zai gyara jadawali. Ogan dare kuwa ko ruwa za ka sha sai da izininsa, kuma kuskure kaɗan zai zazzage ka tas a gaban yaran da kai ka koya wa aiki. Kafin in gama wata huɗuna mutum uku sun ajiye aiki, dukkansu daga rukunin dare.

Salo ukun nan da muke haddacewa daga binciken Kurt Lewin da abokan aikinsa suka fito, a Amurka, a 1939. Sun raba yara maza 'yan kimanin shekara 10 rukuni-rukuni suna aikin hannu, aka ba su shugabanni iri uku: mai kama-karya, mai shawara, da mai sakin linzami wanda ba ya tsoma baki. Ga abin da ba mu cika rubutawa ba. Yaran mai kama-karya sun yi aiki da yawa, amma sai yana tsaye a kansu, da ya fita daga ɗakin sai aiki ya lafa. Yaran mai shawara kuwa ko ya fita suna ci gaba. Na mai sakin linzami su ne suka fi kowa rashin tsinana abin kirki. Wato tsawa tana fitar da aiki, kada wani ya ce maka ba ta yi. Sai dai aikin ganin ido ne, ga kuma ƙiyayya da take haifarwa tsakanin waɗanda ake yi wa ita.

Douglas McGregor, a 1960, ya ce tushen abin yana cikin zuciyar manajan. Mai ra'ayin X ya ɗauka ɗan Adam malalaci ne, sai da sanda. Mai ra'ayin Y ya ɗauka mutum zai yi aiki da kansa in an ba shi amana. Wannan kowa ya sani, ba sai na tsaya a kai ba.

Inda nake so mu tsaya shi ne maganar lafiya, don mu nan in an ce oga yana sa mutum ciwo sai a ɗauka salon magana ne. A Ingila an yi dogon bincike kan ma'aikatan gwamnati na Landan, ana kiransa Whitehall. Zagaye na farko ya fara a 1967, ya nuna cewa ƙananan ma'aikata sun fi manya mutuwa da wuri, har kusan ninki uku, alhali duk suna da aikin yi kuma asibiti kyauta ne a ƙasar. Zagaye na biyu ya fara a 1985 ƙarƙashin Michael Marmot, da mutum sama da 10,000. Cikin abin da aka gano, waɗanda ba su da ta cewa kan aikinsu, wato yadda za su yi shi da lokacin da za su yi shi, sun fi fuskantar haɗarin ciwon zuciya. Da an ɗauka babban oga mai tulin nauyi shi ne zuciya za ta fara kayarwa. Ashe wanda aka ɗora wa kaya aka kuma hana shi gyara gammo ya fi shiga uku. To wa ke ba ma'aikaci ta cewa ko ya hana shi? Ba mai kamfani da ke Abuja ko Dubai ba ne, wanda ke tsaye a kansa kullum ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta bayyana ƙonewar ƙarfin ma'aikaci a matsayin abin da ke tasowa daga matsin wurin aiki da aka kasa shawo kansa, da alamomi uku: gajiya mai tsanani, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Wallahi duk ukun na gan su a fuskokin 'yan dare in muna karɓar aiki da asuba.

Sai Frederick Herzberg, 1959. Ya tambayi injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh lokacin da suka fi jin daɗin aiki da lokacin da suka fi jin haushinsa. Ya raba amsoshin gida biyu. Albashi, dokokin kamfani, yanayin wurin aiki da irin sa idon da ake yi maka, in sun lalace suna kawo ƙorafi, in sun gyaru ƙorafi ya kwanta, shi ke nan. Abin da ke sa mutum son aikin daban ne: ya ga ya cim ma wani abu, a yaba masa, a ba shi nauyi, ya ga hanyar ci gaba. Ku lura, kusan duk waɗannan ta hannun manaja suke bi, kuma yawancinsu ko sisi ba sa ci.

Amma ni ina da ja a nan, kuma in kun rubuta shi da hujja ba na jin malami zai rage muku maki. Mutanen Herzberg masu rufin asiri ne. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, kuma ba kowane kamfani ke biyan hakan ba, ba za ka ce wa magidanci kuɗi ba ya ƙarfafa gwiwa ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, amma ba ta biyan kuɗin haya. Manajan da ke murmushi alhali albashi na wata biyu a hannunsa, shi ma yana korar mutane.

Wannan rashin aikin yi ne kuma ke sa lissafin barin aiki ya yaudare mu. Ga yadda ake yin sa: adadin waɗanda suka tafi a shekara, a raba da matsakaicin adadin ma'aikata, a ninka da 100. A ce ma'aikata 40 ne, 6 suka tafi, ka samu kashi 15 cikin ɗari. Manaja zai iya kallon ƙaramin adadi ya ce mutanena suna ƙaunata. Ina! Wasu suna zaune ne don ba su da wurin zuwa, jiki na nan, zuciya ta daɗe da tafiya. Irinsu ne ke yawan rashin lafiya ranar Litinin, su ga inji zai lalace su yi gum. Wanda ke iya tafiya shi ne wanda ake nema a waje, wato gwaninka. Don haka bayan ka fitar da kason, ƙara tambaya biyu: wa ya tafi, kuma daga ƙarƙashin wa? In shida ɗin nan biyar daga sashe ɗaya suke, ba sai an kira masana daga waje ba.

A kamfaninmu, cikin ukun da suka tafi har da wani dattijo da ke gane ciwon inji daga ƙararsa kawai. Na tambaye shi ranar da ya zo sallama, "Baba, ƙarin kuɗi aka yi maka a can?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ragi ma aka yi mini kaɗan. Amma shekaruna sun wuce a kira ni sakarai a gaban sa'o'in jikokina." Bayan tafiyarsa injin dare ya tsaya, aka yi kwanaki ana jiran makaniki daga wani gari, dilolin da suka gaji da jira suka koma sayen ruwan wani kamfani. A rahoton da aka tura wa mai kamfani, na gani da idona don ni na buga shi a kwamfuta, an rubuta cewa dalilin asarar shi ne tsufan inji.