Ƙawance Daga Nesa Da Cutar Auna Kai Da Wani



Darasinmu na yau na 'yan'uwa mata ne, amma mazaje su ma su tsaya, don akwai rabonsu a ciki. Labarin daga gidanmu ya fito, kuma sai da na nemi izinin masu shi kafin na rubuta.

Ina da ƙanwa da take koyar da 'ya'yanta huɗu a gida. Ba ra'ayi ne ya kai ta ga haka ba, larura ce. An yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin gari, makarantar da ke kusa ba ta gamsar da su ba, ta kuɗi kuwa albashi bai kai ba. Tana da NCE, sai ta sayi allon bango da alli ta mai da zaure aji. Tana da aminiya tun daga Islamiyya, wadda aure ya kai ta Birmingham a Ingila. Ita ma a gida take koyar da nata, amma dalilinta daban. A 2019 iyaye Musulmi sun yi ta zanga-zanga a wannan birni kan darussan zamantakewa da ake koya wa ƙananan yara, kuma daga 2020 aka wajabta darasin a makarantun firamare na Ingila. Ita da mijinta suka yi shawara suka cire yaransu. Dokar can ta yarda da haka, sharaɗin dai iyaye su tabbatar yaro yana samun ilimi cikakke daidai da shekarunsa. Ba ko'ina ba ne fa a Turai. A Jamus hana wa ake yi.

To, uwa biyu, aiki ɗaya, rayuwa kamar gabas da yamma. Kusan kullum suna magana ta WhatsApp. Waccan ta turo hoton yara a laburare, ko a gidan tarihi, ko kowa da kwamfutarsa a kan tebur. Wannan ta duba zaurenta: tabarma, littafi ɗaya yara biyu, wuta ta ɗauke kwana uku, kafin a fara darasi sai an nemo ruwa.

Wata rana na je ziyara na tarar ƙanwata ta canza. Ta rage walwala, tana yawan yi wa yaran tsawa, har ta fara yi wa maigida gori a fakaice. Da na matsa mata sai ta ce, "Yaya, wallahi ni dai ji nake ina cutar yaran nan. In ka ga nata ka ga nawa, sai ka ce ba duniya ɗaya muke ba." Ta kuma gaya mini ta yi wata guda ba ta buɗe saƙon aminiyar tata ba. Ba faɗa suka yi ba. Kawai duk hoton da ya shigo sai ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji.

A nan darasin yake. Malamai sun raba tsakanin hassada da gibɗa. Hassada ita ce ki so ni'ima ta gushe daga hannun mai ita. Gibɗa kuwa ki so a ba ki irinta ba tare da an karɓe tata ba, wannan ba laifi. Na gaya wa ƙanwata ban ga hassada a zuciyarta ba, amma tana bakin ƙofarta. Abin da ya riga ya kama ta shi ne raina ni'imar da ke hannunta. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya umarce mu, a sha'anin duniya, mu riƙa duban wanda yake ƙasa da mu ba wanda yake sama ba, kuma ya faɗi dalili: don kada mu wulaƙanta ni'imar Allah a kanmu. Ku lura, bai ce don kada mu cutar da wancan ba. Mai auna kansa da wani kansa yake fara cuta. Da can sai kin je biki ki ga wadda ta fi ki. Yanzu kuwa tana cikin wayarki, tun kafin ki yi azkar ɗin safe kin gan ta.

Na ce mata ta kira ta, murya da murya, ta faɗi gaskiyar abin da ya sa ta yi shiru. Ta ce kunya. Na ce ai gara kunyar awa ɗaya da yanke zumuncin shekara ashirin.

Da ta kira, abin da ta ji ba shi ta zata ba. Aminiyar kuka ta fashe da shi. Ta ce, "Ƙawata, ni fa ke nake yi wa sha'awa." Ashe hotunan nan na fitar rana ɗaya ne a mako. Sauran kwanakin tana kulle a gida da yara uku, ba uwa, ba ƙanwa, ba maƙwabciyar da za ta ce riƙe min wannan in kewaya. Ita ce malama, ita ce mai girki, ita ce mai wanki. Maigida kan kwana a wurin aiki. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ga sanyi, ga kuɗin ɗumama gida. Babban ɗanta in an yi masa Hausa da Turanci yake amsawa. Ba ta jin kiran salla daga ɗakinta sai na waya. Ta ce duk ranar da ƙanwata ta turo murya ta ji hayaniyar yara da tilawar makarantar allo a bayanta, sai ta yi ta maimaita saƙon, ba don maganar ba, don wannan hayaniyar.

Subhanallah. Kowacce tana kallon rabin rayuwar 'yar'uwarta tana kuka a kan tata cikakkiya.

Yanzu sai in juyo kan mai turo hoto, don ita ma akwai gyara. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar (RA) cewa wata mata ta tambayi Annabi (SAW) ko laifi ne ta nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Sai ya kwatanta mai yin haka da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Ban ce wannan baiwar Allah ƙarya ta yi ba. Laburaren gaskiya ne, kwamfutar ma gaskiya ce. Amma in shekara ta zagayo aminiyarki ba ta ga komai daga gare ki ba sai murmushi da tebur a gyare, to kin sa mata hoto a rai wanda ke kanki kin san ba haka yake ba. Wani zai ce, Malam, ai rufa wa kai asiri abu ne mai kyau. Haka ne. Sirrin miji ba ya fita, ko ga aminiya. Kukan talauci ga kowa da kowa shi ma ba tarbiyya ba ce. Amma ki ce wa wadda kika amince da addininta "yau na gaji, ki sa ni a addu'a", wannan ba raki ba ne, ba kuma ƙin ƙaddara ba ne.

Akwai hadisin nan na Muslim, na mutumin da ya kama hanya zuwa wani gari don ziyartar ɗan'uwansa, Allah Ya tsayar masa da mala'ika a hanya ya tambaye shi ko akwai wata ni'ima da yake bi, ya ce babu, son sa kawai yake don Allah. Aka yi masa albishir da son Allah. Abin da nake so ku kama a nan: garuruwansu daban, kuma ba a ambaci wa ya fi wani ba. Ina fata, kuma fata ce ba fatawa ba, wadda teku ya hana ta tafiya da ƙafa ta ɗaga waya da irin wannan niyya, ba za ta tashi a banza ba.

Wani abu a gefe, kada a fahimce ni a baibai. Ba kira nake yi kowa ya cire yaransa daga makaranta ba. Koyarwa a gida aiki ne na mai ilimi da tsari da haƙuri, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 a Najeriya ta ɗora wa iyaye tabbatar da karatun shekara tara na farko. Wadda za ta zaunar da yaro ya ƙare a aike da talla, wallahi gara ta kai shi ko wace irin makaranta ce.

Su dai waɗannan biyu sun sake tsari. Sun rage hotuna, sun ware daren Juma'a suna magana. Ranar Asabar ƙanwata tana yi wa yaran Birmingham darasin Hausa da haddar gajerun surori ta waya, in an samu caji. Aminiyar kuma tana turo mata takardun lissafi da na Turanci ana bugawa a shagon kwamfuta a kasuwa. Lokacin sanyi agogon can yana baya da namu da awa ɗaya, lokacin zafi kuma daidai suke, har yau in an canza agogo sai sun yi saɓani a makon farko. Ranar nan na ji babban yaron nan ta wayar yana ce wa ƙanwata, "Ina wuni, Umma," da wata irin Hausa mai lanƙwasa, yaran gida suna ta dariya, ita kuwa tana hararar su tana cewa ya sake faɗa.

Allah Ya raya mana zuriya bisa Sunna.