Yadda ake gano maganaɗisu a kaɗawar ƙwayoyin kiristal da hasken infrared

Ƙwayoyin zarra da ke jere cikin kiristal ba sa zama wuri ɗaya, kullum kaɗawa suke, kuma wasu kaɗawar na shan hasken infrared. Idan maganaɗisun ƙwayoyin ya shiga tsari, kaɗawar takan sauya, wannan sauyin ake farauta. Mu ɗauki ZnCr2O4: kaɗawa huɗu infrared ke gani a cikinsa, maganaɗisunsa kuma yana shiga tsari a digiri 12.5 na ma'aunin Kelbin.

Da farko, goge fuskar kiristal ɗin har ta yi sheƙi. Fuska mai kaushi watsa haske take yi, ta lalata awon tun ba a fara ba. Ka manna kiristal ɗin cikin na'urar sanyaya da ke aiki da ruwan hiliyam.

Sai ka shirya na'urar FTIR, mai awon hasken infrared, a kan zangon 50 zuwa 700 cm⁻¹. Zuƙe iskar ciki kaf, domin tururin ruwa na shan haske sosai a wannan zango. Ma'aunin hasken, wato bolomita, shi ma hiliyam yake so, a digiri 4.2.

Auna hasken da ya dawo daga kiristal, ka auna na madubin zinariya, ka raba na farko da na biyu. Mafi inganci, a fesa zinariya a kan fuskar kiristal ɗin kanta a sake awo, don girma da siffa su zo daidai.

Wurin haƙuri shi ne saukar da zafi. Daga digiri 300 kana iya yin manyan tsalle, amma daga 20 zuwa ƙasa ka bi digiri ɗaya-ɗaya, kana jira zafin ya tsaya cak kafin kowane awo. Mai gaggawa a nan sai ya wuce abin da ya zo nema.

Daga nan ka daidaita sakamakon da lissafin Lorentz, ka fitar da mitar kowace kaɗawa. Ka lura, sanyi kaɗai yakan ɗan ɗaga mita ko babu maganaɗisu, don haka ba kowane motsi ne shaida ba. Abin nema shi ne sauyi na farat ɗaya daidai inda tsarin ya kama. A ZnCr2O4, kaɗawar da ke kusa da 370 cm⁻¹ rabuwa biyu take yi ƙasa da digiri 12.5, kamar yadda masana a Jami'ar Maryland ta Amurka suka nuna a 2005. Idan ka ga rabuwar, ɗaga zafin ka tabbatar ta koma ɗaya.