Amsoshin Tambayoyinku: Darasin Tarihi a Kwalejin Al'umma ta Amurka

Wani mai sauraronmu daga Zariya, malamin makaranta, yana tambaya: me ake koyarwa a darasin tarihi da gwamnati a kwalejojin al'umma na Amurka, kuma su waye ɗaliban?

To Malam, waɗannan kwalejoji na shekara biyu ne, kuɗinsu bai kai na jami'a ba. Ta farko mallakar gwamnati ita ce ta Joliet a jihar Illinois, wadda aka kafa a 1901. Idan ka leƙa ajin dare, za ka tarar da matashin da bai daɗe da gama sakandare ba, ga tsohon soja a gefensa, ga uwa da ta taso daga aiki ko kayan aikin ba ta cire ba.

Tarihin galibi kashi biyu ake yi masa, a raba a 1877, bayan yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 da ya kawo ƙarshen bauta. Darasin gwamnati kuwa kan kundin tsarin mulkin 1787 yake tafiya: majalisar dattawa mai kujeru 100, ta wakilai mai 435, da kotun ƙoli mai alƙalai 9. Ba baƙo ba ne a gare ka, domin irin wannan tsarin Najeriya ta ɗauka a 1979. A jihar Texas ma doka ce, ɗalibin kwalejin gwamnati ba ya samun digiri sai ya ci darussan nan.

Abin da ke damuna shi ne halin malaman. Akasari sai da digiri na biyu ake ɗaukarsu, amma da yawansu na wucin gadi ne, iya darasin da suka koyar ake biyansu, har wani kan yi zirga-zirga tsakanin kwalejoji biyu kafin ya haɗa kuɗin haya.