Yadda Ake Ziyarar Gidan Rumfa Daga Shanono

Duk mutumin Shanono da ya ƙudura niyyar ziyartar Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamanin mulkinsa, tsakanin 1463 da 1499, abu na farko da ya kamace shi shi ne ya dakata har kaka ta wuce, gero da dawa su shiga rumbu, domin ziyarar da aka yi hankali na gona ba ta da albarka. Sa'an nan ya yi asubanci, ya bi ta Gwarzo, ya shiga birni ta Kabuga tun hantsi bai dubi ludayi ba.

Na biyu, kuma a ganina nan ne akasarin maziyarta ke kuskure, kada ya zarce fada kai tsaye. Ya fara yada zango a Gidan Makama, inda ake adana kayan tarihi, ya biya ɗan abin da aka ƙayyade, ya nemi mai yi masa bayani, ya dubi makaman yaƙi da hotunan sarakuna, ya ji labarin ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma, da zuwan Shehu Magili wanda ya rubuta wa Rumfa nasiha a kan sha'anin mulki, da shigowar Nasara a 1903. Gama wanda ya isa fada bai san waɗannan al'amura ba, katangar ƙasa kurum zai gani. Ya kuma ɗaga kai ya lura da rufin soraye, yadda magina suka jera azara suka yi ɗaurin guga ba ƙarfe ba siminti, hikimar da duk wanda ya taɓa yaɓen ɗaki zai fi kowa sanin ƙimarta.

Daga nan sai Ƙofar Kudu ta fada, taku kaɗan ne. Ya zamana ya sa tufafin mutunci da hula, ya yi wa dogarai sallama, ya ce, "Ranku ya daɗe, baƙo ne daga Shanono," ya bayyana buƙatarsa. In an yi masa iso, ya tuɓe takalmi inda aka umurce shi, kada ya ɗauki hoto sai da izini, kada kuma ya doshi cikin gida, domin wurin iyalin Sarki ne.

In Azahar ta riske shi, Babban Masallaci na daura da fada. Ya sallata, ya leƙa Kasuwar Kurmi ya sayi tsaraba, ya kama hanya tun La'asar, saboda motar ƙauye ba ta jiran Magariba.